Ƙayar da Ta Yi Idda

Shekara biyu na yi ina aikin lambu a gidan Baturen gona a Haɗeja, zamanin mulkin Turawa. A wurinsa na koyi auren mangwaro, yadda ake fere reshen wani a ɗaure shi jikin wani har su zama ɗaya. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai wata shuka ce a tukunya, a barandarsa. Gindinta kore ne mai kusurwa uku kamar ƙerana, a kansa wata dunƙulalliyar aba ta zauna, ba ta fi lemun tsami ba, duk jikinta ƙaya. Ba ganye, ba reshe. Da na tambaya, ya ce ita ma aure aka yi mata: ta sama ba ta da saiwa, na ƙasa ke ciyar da ita. Kullum sai na tsuguna na leƙa mahaɗarsu, ina son in gane ta ina abincin ke bi.

Da zai tafi hutun wata huɗu ƙasarsu, ya nuna tukunyar da Hausarsa mai gargada ya ce, "Komai ya mutu, ban da wannan." Kukun gidan ya riga ya gaya mini an kori wanda na gada a kan furen da bai kai wannan ba.

Ni ɗan fadama ne, a wurinmu wanda ke son shuka ruwa yake ba ta. Safe da yamma na riƙa shayar da ita kamar albasa. Cikin sati uku na ƙasan ya fara wari. Na danna shi da yatsa, yatsan ya nutse.

Na ɗauko wuƙar auren mangwaro na raba su, na fere ruɓar da ta taɓa ta sama, na kai ta gida a ƙwarya. Har na ɗebo taɓo daga bakin kogi zan dasa, sai gwaggona ta fito. Ta yi zaman aure a ƙauyen tudu inda ake shinge da ƙerana, kuma bakinta ba ya raga wa kowa.

"Me za ka yi da taɓon nan, ɗan nan?"

Na yi mata bayanin auren da rabuwar.

"To wa ka ga an saka yau ta tare gobe? Ajiye ta a inuwa ta yi idda, ciwon ya bushe. Ruwa ya kashe mijin, kana neman ka haɗa da matar."

Sati biyu ta yi a kan danga, sannan muka ɗora ta a busasshen yashi cikin kasko, ba ɗigon ruwa. Nan halina ya ci ni. Kullum sai na ɗaga ta in ga abin da ke faruwa a ƙasa. Ran nan na ga fararen saiwoyi uku kamar zare, na yi murna sosai. Washegari na sake ɗagawa, suka tsinke a cikin yashin. Na zauna a ƙasa ina zagin kaina, saura wata ɗaya da 'yan kwanaki Baturen ya dawo. Daga ranar ban ƙara ɗaga ta ba, sai dai in tura ta a hankali da tsinke. Ana saura sati ya dawo, na tura, ta ƙi motsi. Sai na kai kaskon barandarsa.

Ranar da ya iso, kaskon ya fara gani a baranda.

"Ina ƙafarta?"

"Ta ruɓe, Maigida. Ni na cika mata ruwa."

Fuskarsa ta yi ja. Ya tsuguna yana kallo, ya ce shi an gaya masa ba ta rayuwa ita kaɗai. Sai ya miƙa hannu zai ɗaga ta ya gani. Kafin in yi tunani na damƙe wuyan hannunsa. Ban taɓa taɓa Bature ba. Kuku ya tsaya cak da buta a bakin ƙofa.

Baturen ya dubi hannuna, ya dube ni.

"Ta kama?"

"Ta kama, Maigida. In ka ɗaga, za ta tsinke."

Sai da ya ce, "To sake ni, in ga yadda kake gwadawa," na lura har yanzu ina riƙe da shi. Na sake shi, na ɗauki tsinken na miƙa masa ya tura da kansa.