Lambar da Aka Yi wa Waƙar Ƙawata

Ba shekarar da aka sa wa majami'armu rufin kwano ba ce, ta gaba da ita ce, daminar da ruwa ya tafi da gadar rafinmu har muka yi Lahadi uku muna zagayawa ta gonakin citta. Autana bai yi aure ba tukuna, jirgin ƙasa kuwa ya daɗe da rage shigowa Kafanchan. A wannan shekarar ce zumuntar matan ƙauyenmu ta shiga situdiyo.

Ni ce mai bayar da waƙa, kuma ba yabon kai ba, in na ɗaga murya a sujadar godiyar girbi har masu rake na bakin titi sai sun waiwayo. Amma bayar da waƙa daban, haihuwarta daban. Mai haifa mana waƙa ƙawata ce, wata 'yar siririya mai buga tulu. Tana kankare citta za ka ji tana gunaguni kamar mai faɗa da wuƙa. Kwana biyu sai ta zo da waƙa sukutum, har da amshinta.

Mai situdiyon wani malami ne Musulmi, ubansa ya tsufa yana sayar da kaset a kasuwa. Ban taɓa ganin mai tsanani a kan aiki irinsa ba. Wata ta yi tari, a sake. Awarwaron wata ya yi ƙara, a sake. Da muka gama sai ya ɗauko takarda da biro ya ce, "To iyayena, waƙar farko, wa ya yi ta?"

Mu kuwa ba a amsa wannan tambayar a wurinmu. Mace ba ta cewa waƙa tata ce, girman kai ne. Uwar zumunta ta gyara ɗaurin zani ta ce, "Ubangiji ne ya bayar, ɗana."

"Na yarda, Mama. Ruwan sama ma Allah ke bayarwa, amma kowa ya san randar da ya tara a ciki."

Ya juya bayan wani faifai ya nuna mana wasu layuka baƙaƙe a jere, wani kauri wani siriri, da lambobi a ƙarƙashinsu. Ban yi boko ba, amma idona ya san zane. Na ce, "Wannan ai tsaga ce, irin ta fuskar kakanninmu."

Ya yi dariya har ya ajiye biro. "Mama, kin gama magana." Ya ce wannan ta faifan ce gaba ɗaya, sannan kowace waƙa a ciki za a yi mata tata lambar, wadda babu wata waƙa a duniya mai irinta. Da lambar ake ajiye sunan masu rerawa da na wadda ta yi waƙar. Ko an kai ta Legas, ko ƙasar Turawa, lambar na biye da ita.

Nan zuciyata ta motsa. Uwata ta yi waƙoƙin niƙa da yawa. Har yau ana rera su a bukukuwa, kuma ka tambayi kowa zai ce maka na mutanen da ne. Sunanta ya faɗi daga jikinsu tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Na dubi ƙawata, na ga haka za a yi mata.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Rubuta zumunta kawai."

Na ce, "Malam, rubuta." Na faɗi sunanta, da na ubanta, da na mijinta, yadda ba za a haɗa ta da kowa ba.

A mota wajen komawa, gyaɗa ta zaga kowace kujera ta tsallake ni. Uwar zumunta ta ce bakina ya fi ƙofar majami'a faɗi, ta hana ni bayarwa Lahadi biyu. Wannan bai dame ni ba, don wadda aka sa a madadina muryarta kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Fushin ƙawata ne ya ci ni. Sai da ta yi wata guda kafin ta shigo gidana.

"'Yar'uwa, kin tsiraita ni a gaban mutane. In na je gaban Ubangiji ya ce na riga na karɓi ladana a bayan faifai fa?"

"Ki ce masa ni ce. Ya san halina."

Ta so ta riƙe dariyar, ta kasa.

Ta rasu shekarar da aka haifi jikata ta uku. Bayan haka da daɗewa, 'yarta da ke koyarwa a Kagarko ta zo mini da waya a hannu, idonta ja. Wasu masu fim sun fitar da waƙoƙin fim ɗinsu, ga tamu a ciki. Muryata ce, tulun uwarta ne, amma an rubuta wai waƙar gargajiya ce, ba a san mai ita ba.

Washegari muka shiga Kafanchan. Ni da niyyar faɗa na tafi, har na tanadi zagi. Malam ya yi furfura, situdiyon ma ya koma wata unguwa, amma bai yi ko gezau ba. Ya ba mu kujera, ya buɗe kwamfuta, ya danna lambar nan ɗaya bayan ɗaya. Sai ga sunan ya fito, da shekarar da aka ɗauka, da komai. Ya ce, "Mama, adana zaginki. Wannan ta fi ki baki." Ya aika wa masu fim ɗin shaidar, ko murya bai ɗaga ba.

Ka ji aiki! 'Yan layuka da lambobi, ba sa ci ba sa sha, sun riƙe amanar da mu masu rai muka kasa riƙe wa uwata.

Kafin a haƙe citta suka gyara, suka sa sunan ƙawata. Yarinyar ta dawo ta nuna mini a waya. Na ce ta ɗora mini yatsa a kan wurin, ta karanta da ƙarfi. Ta karanta sau uku.

Mu goma sha huɗu muka shiga situdiyon nan, yau mu uku muka rage. Uwar zumunta na nan, idonta ya tafi, kuma har yau ba ta ce na yi daidai ba, sai dai in an kunna mata waƙar takan ce a ƙara sauti. Mai buga kuge tana Zangon Kataf wurin ɗanta, ƙafa ta hana ta zuwa. Malam na nan a Kafanchan yana sa mutane su sake. Sai ni.