Ranar da Jirgin Yaya Musa Ya Ƙi Motsi

"Sake duba min," in ji Kaka, karo na huɗu tun la'asar.

Yaya Musa yana aiki a ƙaramin jirgin ruwa mai dakon alkama, ni kuma ina bin jirgin a taswirar waya. Kwana biyu ɗigon da ke nuna jirgin bai motsa daga bakin tashar jiragen ruwa ta Misrata ba.

Kaka a bayan babbar mota ta ƙetaro Sahara. A saninta, in abin hawa ya tsaya, ƙishirwa ce ke biyo baya.

"Kaka, layin shiga tasha suke jira. Jirgi ne mai ƙarfi, ga shi an rubuta tsawonsa mita tamanin."

"Tsawo na tambaye ki, 'yar boko? Akwai rijiya kusa da su?"

"A kan teku fa suke!"

"Ke kin taɓa shan teku?"

Ni kuwa ko ganinsa ban taɓa yi ba.

Ta sa na cika randa a ƙofar gidanmu a unguwar Gurda, sadaka ga masu wucewa. Yau da safe ɗigon ya shige tasha, Kaka ta ce randarta ce ta jawo shi.

Ni dai na kasa musa mata. Ku za ku iya?