Malamin da Ya Raka Ni Bakin Teku Ran Talata

Ranar Asabar, 9 ga Maris, Allah ya karɓi ran Malam Eleuterio Salazar, tsohon malamin firamare na garinmu Río Caribe, bayan doguwar jinya. Tun da na ji labarin na kasa zama wuri ɗaya.

Malam, kai ka koya mana a aji cewa Rumawa ne suka raɗa wa ranakunmu suna: lunes, wato Litinin, don wata, martes, wato Talata, don Mars, gunkinsu na yaƙi, sai sábado, Asabar, da ta zo daga ranar hutun Yahudawa, domingo kuwa, Lahadi, ranar Ubangiji. Mu dai muna haddacewa don gudun bulala, ban san zai yi mini rana ba.

A garin nan masunci ba ya fita teku ran Talata, wai ranar masifa ce. Wata Talata mijina Nicanor ya fita, don babu abinci a gida, bai kuwa dawo ba. Surukata ta ce ni na tura shi. Mata suka daina sayen kifina, maƙwabta suka daina amsa gaisuwata, har na fara yarda da maganarsu.

Sai ga ka da sandarka, ka zauna a ƙofar surukata. Ka ce, "Doña Casilda, gunkin nan ko Rumawan da suka sassaƙa shi sun watsar da shi, ke ce za ki riƙe musu? Iska ce ta kifar da jirgin ɗanki. Ki bar yarinyar nan ta yi kukanta." Ta zage ka tas, ka shanye gahawar da ta ba ka, ka yi godiya. Daga nan kowace Talata kana tsaye gaban tirena kana cinikin kifi da babbar murya, har sauran suka ji kunya suka dawo.

Da ɗana Benigno ya girma ya ce shi ma ba zai zauna gida ran Talata ba, kai kake raka ni bakin ruwa mu jira shi. Ba ka taɓa yi mini dariya ba.

Ubangiji ya jiƙanka, ya ba ka hutawa, ya ba matarka Doña Hermelinda da 'ya'yanku haƙuri. Ni ma ku sa ni a addu'a. Jibi Talata, Benigno ya riga ya gyara komarsa, kuma har yau tsoron bai bar ni ba. Ni kaɗai zan tsaya.