Hular da ba ta je ɗaurin aure ba

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani shagon kwamfuta a Birnin Kudu, ina da wata cuta da ba ta kai mutum asibiti. Idan na ga waya ko kwamfuta ta nuna an fitar da sabon salon manhaja, hannuna ya dinga ƙaiƙayi ke nan har sai na danna. Burauza kuwa, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kusan duk wata sai masu ita sun fito da sabuwa, ni kuma ina gaba-gaba wajen yi mata maraba, sai ka ce da ni aka haɗa ta.

Mahaifiyata tana Maruta, ɗinkin hula ne sana'arta. Ba ta yi boko ba, amma da na saya mata waya na nuna mata wani shafi mai hotunan zanen huluna, sai ta haddace hanyar zuwa wurin kamar hanyar rijiya: ta danna nan, ta gangara ƙasa ta dama, ta taɓa akwati na uku. Ba rubutu take karantawa ba, wurin zaman kowane abu ta riƙe. Na kuma ja mata kunne da babbar murya irin ta masu ilimi: "Inna, ban da danne-danne, za ki lalata ta."

Ana saura mako shida auren ɗan ƙaninta a Kwandiko, ta yi wa ango alkawarin hular da zai sa ranar ɗaurin aure, ta zaɓo wani zane mai wuya daga shafin nan. Ana saura kamar mako uku na zo hutun ƙarshen mako na tarar ta kai rabi. Ranar da zan koma, ina jiran mai babur, na ɗauki wayarta na ga burauzarta ta tsufa. Na sabunta, na ajiye, ban ce mata komai ba. A raina har lada nake sa ran samu.

Ranar Alhamis, jajibirin biki, na dawo. Hula tana cikin faifai a inda na bar ta, allura a soke. Na ce, "Inna, lafiya? Gobe fa ne."

Sai ta jawo wayar daga ƙarƙashin katifa, a naɗe cikin ɗankwali. Ta ce, "Ka yi haƙuri, na ɓata maka ita. Ban san inda na taɓa ba wallahi. Na duba akwatin nan babu shi, komai ya tashi daga wurinsa."

Ashe sabon salon ya kwashe maɓallan ƙasa ya mai da su sama, ya tattara buɗaɗɗun shafuka ya cusa a wani lungu. Ta gwada ci gaba da zanen da ka, ta warware har sau biyu. Ba ta nuna wa kowa ba, don kar maganar ta iso kunnena. Duk wayar da muka yi a kwanakin nan, "lafiya lau" kawai take ce mini.

Ko minti ɗaya ban yi ba na fito mata da hoton. Da na gaya mata ni ne na yi ɓarnar, ba ita ba, na ɗauka za ta yi faɗa. Sai kawai ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "To su masu abin nan, ba su da tsofaffi a gida ne? Ko tukunya za a matsar mini ai a gaya mini."

Na fara yi mata bayanin cewa suna toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi ne, kuma gaskiya ne, har gobe ba na ganin laifinsu a nan. Ta ce, "Su toshe mana. Sai an sauya wa ɗaki ƙofa ake gyara rufi?"

Kwana ɗaya ba ya gama rabin hula. Ango ya sa ta kasuwa, ya yi kyau abinsa, bai ma nuna damuwa ba. Ita ce ta wuni a ƙuryar ɗaki a gidan biki, duk wadda ta tambayi hular ango sai ta ce idonta ne ya matsa mata. Tunda take sana'ar nan ba ta taɓa saɓa alkawari ba sai a kan wannan, kuma ta gwammace ta ɗora wa idonta da ta ce ɗanta ne.

Har yau ina sabunta manhajoji, amma ba na taɓa wayar wani sai yana zaune kusa da ni, mun bi sabuwar hanyar tare. Abin da ya fi ci mini rai ba hular ba ce, ta ƙarasa ta daga baya. Kwana goma sha tara mahaifiyata ta yi tana jin tsoron ɗan da ta haifa.