Jarkokin Wake Huɗu

Shekarar da na dawo Toranke bayan bautar ƙasa, daminar da ta wuce ce ta tsaya min a rai. Ruwa ya cinye hanyar kasuwar Ajingi kusan mako biyu, in ban manta ba, ga shi ƙwari sun riga sun mayar da waken Inna gari. Ita da ƙannena mata biyu suka yi kwanaki suna shan kunu zalla. Ba ta gaya min ba, a bakin maƙwabciya na ji. Na ƙudurta ba za a sake ba.

Na taɓa karantawa a waya cewa akwai na'urar da ke daskarar da dafaffen abinci ta zuƙe ruwansa, ya daɗe bai lalace ba. Mu da wuta ke zuwar mana in ta ga dama, wannan ba tamu ba ce. Rana muke da ita. Da kaka muka shanya kuɓewa da tumatir, muka daka kuka, muka busar da zogale a inuwa. Wake kuwa na samo jarkoki huɗu daga Gaya, na wanke, na kife su har suka bushe, na cika su har wuya, na sa leda na murɗa murfi. An ce in iska ba ta shiga, ƙwaron ciki zai mutu da kansa.

Na yarda, amma ba duka ba. Duk Juma'a sai na buɗe, in zuba kaɗan a tafin hannu in duba. Cikin wata na uku wani baƙin ƙwaro ya fito daga ƙwayar wake ya hau yatsana.

"Inna, ina jin dabarar nan ba ta yi ba."

Ta ci gaba da tankaɗe. "Wace jarka?"

"Biyun bakin ƙofa."

"Waɗanda kake kai wa gaisuwar Juma'a? Kai da bakinka ka ce iska ke raya ƙwarin. To wa ke ba su?"

Muka juye biyun a rana muka tsince. Kusan rabi sai awaki. Biyun lungu kuwa ban taɓa buɗe su ba, don kawai buhunan gero sun tare su.

"Bari in duba su sau ɗaya, mu san matsayinmu."

"Zauna, ɗan boko."

Ta kwaɓa laka ta liƙe murafan, yadda ake yi wa bakin rumbu. Wata shida ina wucewa ta gabansu ina danne hannuna. Wani lokaci in kara kunne, ko da yake ban tabbata ana jin motsin ƙwari ba.

A watan Agusta, da gero ya ja baya, Inna ta fasa lakar jarka guda da muciya. Wake ya zubo cikin ƙwarya fari tas. Na tsinci ƙwaya uku masu rami a mudu, ƙwarin ciki matattu. Ta ce ƙanwata ta hura wuta. Ɗayar muka bar ta a liƙe sai ƙarshen wata.