Ranar da Na Hau Jirgi Marar Inji

A shekarar da damina ta ƙi, ina aikin direba a wani fili kusa da Gagarawa. Wasu ma'aikatan haƙar rijiyoyi ne da wani tsohon matuƙin jirgin soja, mutumin Gumel da muke kira Kyaftin, suka haɗu suka sayi jirgi marar inji, suna tashi ranar Asabar. Aikina in ɗaura masa doguwar waya a bayan mota, in ja shi da gudu har ya ɗaga, matuƙi ya saki wayar. Daga nan iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa ce take riƙe shi. In babu ita, dole ya sauko.

Ranar Alhamis na raka mahaifina kasuwar Maigatari da sauran shanunsa. Biyu sun faɗi a hanya, muka bar su. Muka sayar da sauran, muka dawo gida da igiyoyi kawai. Ranar Asabar na tafi aiki.

Wani gajimare marar kauri ya rufe rana tun safe, irin wanda ba ya kawo ruwa. Ƙasa ba ta ɗau zafi ba. In ja jirgin, ya yi kewaye ɗaya, ya sauko, mu tura shi baya, in sake ja. Haka har azahar. Ma'aikatan suka gaji suka koma inuwar bishiyar ƙirya.

Kyaftin ya ce, "Malam, shekara biyu kana jan mu. Yau kai za ka hau."

Na ce, "To, yallaɓai."

Aka ɗaure ni a kujerar gaba, wani ya karɓi motar. Da wayar ta saku, sai shiru, in ban da kukan iska. Na sha tunanin ranar nan, ina zaton tsoro zai kama ni ko murna. Ban ji ko ɗaya ba. Kallo kawai nake yi. Gero ya bushe a gonaki tun bai kai gwiwa ba.

Daga bayana Kyaftin ya ce, "Duba mini ungulaye. Inda suke kewayawa a sama, nan iskar take."

Na duba. Na gan su, amma a ƙasa, sun taru a kan mushen shanu a gefen burtali.

Na ce, "Duk sun sauka, yallaɓai."

Ya ɗan sami wata iska a kan wani faƙo, muka yi ta juyawa, ba mu hau ba, ba mu sauka ba. Can ita ma ta mutu. Filinmu ya yi mana nisa, ya sauke mu a wata gona. Babu amfanin da za mu ɓata.

Mai gonar, wani dattijo, ya taho da hauya a kafaɗa. Bai ko dubi jirgin sosai ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Ku da kuka je sama, kun hango hadari ta gabas?"

Na ce, "Ba mu yi nisa ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya taya mu riƙe fiffike muka kwance jirgin. Motar ta iso da la'asar, muka ɗora. Da na koma gida na tarar da mahaifina a bakin garken da babu saniya ko ɗaya, yana zaune. Na gaishe shi, na shiga na ci tuwo.