Marurun Baba

A shekarun da nake aikin akawu a tashar jirgin ƙasa ta Agege, bayan na gama karatu, mahaifina yana fataucin goro zuwa Arewa. Ni ne ɗan fari, don haka akwai kunya tsakaninmu. Duk abin da ya shafi jikinsa ba hurumina ba ne. Saƙo ma ta bakin ƙaninsa yake bi, Baffa, wanda yake mahauci.

Wata damina na lura Baba yana sallah a zaune, in zai yi tafiya kuma sai ya buɗe ƙafafu. Na tare Baffa a bakin rijiya.

"Maruru ne," in ji shi, "a wurin da bai kamata ka tambaya ba. Ya yi askin gaba ranar Juma'a, aska ta ɗan yanke shi."

"Askar tasa ce shi kaɗai?"

"Oga akawu, aska ɗaya ce a gidan nan tun ba a haife ka ba."

Ni ba likita ba ne. Ɗan abin da na karanta shi ne akwai ƙwayar cuta da ke zaune a fatar mutum lafiya lau, sai ta sami yanka da gumi ta shige. Na roƙi Baffa kada a matse, a riƙa gasa wurin da dafaffen tsumma da ruwan ɗumi, a ware masa zane da soso, a wanke hannu da sabulu. Ya kai shawarar a matsayin tasa, don daga bakina ba za ta karɓu ba.

Duk da haka zazzaɓi ya shigo. Baffa ya ce kumburin yana bin cinya, an kuma kira wanzami ya zo ya tsaga. Ina tsoron askar wanzamin, ina tsoron yin kuskure a kan ciwon da ban gani ba. Na dai ji cewa in ya shiga jini, ba a cika tashi ba.

Na tuɓe takalmi na durƙusa a ƙofar ɗakin Baba, labule tsakaninmu, Baffa na ciki.

"Baba, ina ga kamar asibiti ya kamata. Akwai wata sabuwar allura, fenisilin. Namiji ne zai duba."

Da ya yi magana, ba da ni ya yi ba.

"Faɗa wa yaron nan ya tashi daga nan."

"Ai ya ji ka, Yaya," in ji Baffa. "Ni ma ba inda za ni."

Na zauna har ƙafata ta mutu. Can Baba ya ce a miƙo masa babbar riga.

A asibiti likita ya tsaga ya fitar da mugunya, ya ce a riƙa kawo shi allura. Ni a waje na jira. Da suka fito, Baba ya dafa kafaɗata don ya hau mota, zafin hannunsa ya ratsa rigata. Sai da zazzaɓin ya sauka cikin makon na iya cin abinci.